Ina so injin nan mai igiyoyi ya yi min magana irin ta kalangu, ta ina zan fara?

Awudu_Nima

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara kafin in zubar da kuɗina a banza.

Ni gyaran waya nake yi a Circle nan Ankara, da dare kuma ina haɗa bit a laftof wa yaran unguwa masu waƙa, shekarata huɗu kenan a kan FL Studio. To wata uku da suka wuce wani bature ya kawo min wayarsa gilashin ya fashe, ina cikin gyara muna hira sai ya nuna min bidiyon wani akwati nasa, gaba ɗaya ramuka ne da maɓallan murɗawa da igiyoyi kala-kala sun sarƙe kamar saƙar gizo, babu kibod babu komai, ya zare igiya daga wannan rami ya soka a wancan sai sautin ya juye ya zama wani abu daban. Ya ce sunansa modula sintesaiza. Wallahi tun ranar abin bai bar raina ba, data ta duk a YouTube take ƙarewa.

Ga dalilin da ya sa abin ya kama ni haka. Kakana na wajen uwa makaɗin kalangu ne, shi yake wa mahauta kiɗa, Allah ya jiƙansa. Kalangunsa har yau yana rataye a ɗakin kakata a Mamobi, fatar gefe ɗaya ta yage ba wanda ya gyara. Ina yaro in ya matse shi a hammata ya saki, sunana yake kira da shi kuma ina amsawa, ba wai labari ba. Duk samfurin gangar da na sauke a laftof ba ya yin wannan, bugu ɗaya ne murya ɗaya, ko na lanƙwasa shi da linzamin laftof sai ya fito a sandare. Amma a bidiyon baturen nan na ji sauti yana hawa yana sauka daidai yadda hannunsa yake tafiya, sai na ce wannan ai matsar kalangu ce.

Yayana yana Hambog a Jamus zai zo gida Disamba, ya ce in faɗa masa abin da zai riƙo min, na tara kusan sidi dubu shida zan tura masa. Me zan ce ya saya? Kuma wutar nan tamu da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ba za ta ƙona min shi ba? Sannan akwai wanda yake wannan harkar a nan Ghana ne cikin mutanenmu ko ni kaɗai nake haukana?

MaiIgiya_Aboabo

Wa alaikumus salam ɗan uwa, ba kai kaɗai ba ne, ni daga Kumasi nake kuma ina da ƙaramin akwati layi ɗaya, shekara biyu ina tara shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ka gani a bidiyon kusan tabbas Eurorack ne, tsarin da wani Bajamushe Dieter Doepfer ya fito da shi a 1995, shi ne yanzu kowa yake bi. Asalin abin ya girme shi sosai, tun wajen 1964 Robert Moog yana yi a gabashin Amurka, Don Buchla kuma yana nasa a Kalifoniya, shi Moog ya sa wa nasa kibod irin na fiyano shi kuma Buchla ya ƙi, kuma in ka lura abin da kake nema ya fi kusa da hanyar Buchla. Dabarar duka ɗaya ce, kowane yanki aikinsa guda, osileta tana haifar da sauti, filta tana tace shi, VCA tana buɗe masa ƙofa ta rufe, sannan igiyoyin nan ba sauti kaɗai suke ɗauka ba, suna ɗaukar wuta 'yar kaɗan da take ba da umarni. Ka ƙara wa osileta bolt ɗaya muryarta ta ninka tsayi, ka rage ta sauko. Tsakanin nan kuma babu matakala, duk inda ka tsaya nan muryar take, shi ya sa ka ji kamar matsar kalangu.

Yanzu maganar kuɗi, gaskiya zan faɗa maka. Kar ka ce wa Yaya ya sayo maka yanki-yanki. Akwatin da wutarsa kaɗai za su cinye rabin abin da ka tara kafin ka ji ko ƙit, yanki ɗaya mai kyau yakan kai dala ɗari zuwa ɗari uku, kuma kana buƙatar aƙalla huɗu ko biyar kafin abu ya yi magana. Ka ce ya nemo maka wanda aka riga aka haɗa a jiki ɗaya amma yana da ramukan soka igiya, irin Behringer Neutron ko Crave, ko in ya dace da na hannu mai sauƙi Make Noise 0-Coast. A Jamus kasuwar na hannu tana da kyau. Ya haɗo maka da igiyoyi ƙanana masu kan 3.5 guda goma sha biyar, don a nan in ka je nema na hedifon za a miƙo maka.

Wuta kuwa, sa'arka Jamus ma 230 suke kamar mu, bakin fulogi ne kawai ya bambanta, da daga Amurka ne sai ka duba bayan adafta da kyau don wasu 110 kaɗai suke ɗauka. Ka sa masa sitabilaiza ko ƙaramin UPS, kuma da an ɗauke wuta ka zare shi daga bango, dawowarta ce take kisa ba tafiyarta ba.

Bari in ba ka nawa labarin don kar ka maimaita. Kowane yanki yana da wata faffaɗar igiya a bayansa mai jan layi a gefe ɗaya, jan layin nan dole ya fuskanci inda aka rubuta -12. Ranar da filtata ta iso, wata takwas ina jiranta, na dawo daga isha'i aka ɗauke wuta, na kasa haƙuri na kunna tocilan waya na riƙe a baki na soka igiyar a duhu na ɗaure sukurori na kwanta, ban zare akwatin daga soket ba. Wajen ƙarfe biyun dare wuta ta dawo, ƙaurin roba ne ya tashe ni. Da safe na kwance na ga aisi ɗaya, 'yar baƙar ƙwayar nan mai ƙafafu da ke kan allon, ta kumbura ta tsage a tsakiya kamar gyaɗar da aka soya ta wuce. Na zauna bakin katifa na daɗe ban ce komai ba. Sai da wani mai gyaran amfilifaya a Asawase ya canza min aisi TL074 guda biyu da kapasita ta dawo, shi ma don Allah ya sa ɓarnar ba ta yi nisa ba.

Wani abu kuma, ku na Ankara iskar teku tana sa tsatsa a ramukan, mu nan ƙurar hunturu ce take shiga maɓallan su riƙa ƙarar ƙasa-ƙasa in ka murɗa. Ka rufe shi da zane in ba ka aiki. Kuma sautin da yake fitowa daga ciki ya fi na waya ko laftof ƙarfi nesa, ka rage shi kafin ka kai miksa.

Baba_MaiRediyo

Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna min wannan magana ta ce in sa baki, ita take rubuta min ina faɗa.

Awudu ɗana, na yi shekara sama da talatin ina gyaran rediyo da amfilifaya a Sabon Zongo. Abin da yaron Kumasi ya faɗa gaskiya ne ban ƙi ba, amma ni abin da ya tsaya min shi ne kai mai gyaran waya ne, hannunka ya san dalma, kana ɗaga aisin da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta, to me ya sa za ka zauna jiran Disamba?

Gobe ka shiga Zongo Lane ka ce a ba ka aisi lamba 40106. Ka duba lambar da idonka, in suka ce babu ga 74HC14 duk ɗaya ne kar ka karɓa, ƙafafunsu iri ɗaya ne amma waccan ba ta jure batir mai bolt 9. Ka sayi kapasita mai lamba 104, da abin murɗa murya na 100k, da batir, da allon gwaji mai ramuka. Ƙafa ta 14 wuta, ƙafa ta 7 ƙasa, wato gefen batir mai alamar ragi. Kapasita daga ƙafa ta 1 zuwa ƙasa, abin murɗawa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sautinka yana fita a ta 2. Shi kenan ka yi osileta. Kar ka haɗa ta da sifika kai tsaye ba ta da ƙarfin tura shi, ka bi da ita ta wata kapasita zuwa ƙaramin amfilifaya, ko aisi LM386 in kana son haɗa naka. Kuma a cikin wannan aisi ɗaya irin wannan guda shida ne, sauran da ba ka amfani da su ka ɗaure mashigarsu a ƙasa don kar su riƙa surutu. Duka kuɗin bai kai abin da kake kashewa a data na wata ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta. Ka san baƙin soson nan da ake soka ƙafafun aisi a ciki in an kawo su? Ba ruwan hoda ba, baƙin. Yana wuce wuta kaɗan-kaɗan, kuma in ka matse shi yana ƙara wucewa. Ka yanko shi kamar faɗin kwalin ashana, ka sa shi tsakanin ƙarfe biyu masu faɗi, ko marfin gwangwanin madara ka kankare su sun isa, ka yi wa kowanne dalma da waya, ka sa shi a madadin abin murɗawar nan. Ka matsa murya ta hau, ka saki ta sauko. Ka naɗe shi a tsumma ka sa a hammata ka gaya min me ka tuna.

Na san masu kalangun mahautan da, ban san ko kakanka yana cikin waɗanda na sani ba amma na ji kiɗansu da kunnena ranar Sallah. Maganar ba a sandar take ba, a damtse take. Injin bature ko na miliyan nawa ne in da yatsa biyu kake murɗa shi ba zai ba ka abin da damtse yake bayarwa ba, sai ka yi masa hammata da kanka. Muryar 40106 tana da kaushi kamar ƙudan zuma a gwangwani, wannan kam sai an tace, amma ka fara jin hawa da saukar a jikinka tukuna.

Kuma kalangun da ke rataye a Mamobi a kai shi a sa masa fata. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne na uba.

Rabiu_Ashaiman

Chale ni dai tambayata ɗaya, wa zai saurara? Ni DJ ne ina zuwa awure da suna kusan kowane Lahadi, mata so suke su ji abin da za su taka su yi liƙi, in ka sa musu wannan ƙiiii ƙuuu ɗin uwar amarya da kanta za ta zo ta zare maka waya. Dubu shida ka sayi saund kad mai kyau da makirfo da sifikun situdiyo yaran da kake wa bit su ƙara maka kuɗi. Ba hana ka nake ba wallahi, na ga mutane sun sayi kaya don sha'awa bayan wata shida suna neman mai saye a rabin kuɗi kuma a garin nan wa zai sayi wannan in ka gaji da shi? Irin kiɗan sai dai bikin Chale Wote sau ɗaya a shekara ko wajen turawa a Osu. Ka yi tunani dai.

Hajara_Tek

Yaya Rabi'u ba kowane kiɗa ne na awure ba ai, kuma in don wannan ne lokacin da 'yan Ghana na Jamus irin su George Darko suka shigo da sintesaiza da injin ganga cikin hailaif a shekarun 1980 akwai waɗanda suka ce sun ɓata kiɗa, yau boga hailaif ake ce masa iyayenmu suna rawa da shi. A Nijar ma Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a 1978 da ogan na lantarki ɗan Italiya, waƙoƙin gida ya zuba a ciki, aka yi shekaru ana jin sa a rediyo da talabijin na can kafin a sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Amma maganarka ta sayarwa gaskiya ce, shi ya sa zan ce wa Yaya Awudu ga hanyar da ba ta cin ko pesuwa.

Ni ɗaliba ce a Kumasi ina karanta injiniyan lantarki, ba ni da akwati ko ɗaya, VCV Rack nake amfani da shi. Kyauta ne, ka sauke a laftof ɗinka, Eurorack ne sak a kan sikirin da igiyoyinsa da komai, har yankunan kamfanin Mutable Instruments suna ciki don mai su ta saki zanensu kowa ya ɗauka. Ka yi wata biyu a kansa kafin Disamba za ka san da bakinka abin da za ka ce wa Yaya ya sayo, ba abin da wani ya faɗa maka ba.

Ga abin da na gwada da kaina kan maganar kalangu. Hausa ai da hawa da sauka take tafiya, kalangu wannan yake kwaikwaya. Ɗauki sannu da zuwa, ka faɗe ta a hankali ka ji, ƙasa sama ƙasa sama ƙasa, gaɓa biyar. Ka sa sikwensa, wato yankin da yake jera muryoyi ɗaya bayan ɗaya, mai taki biyar, kowane taki ka murɗa shi da kunne har ya dace da bakinka. Kar ka bi da shi ta kwantaiza, wato yankin da yake tilasta wa murya ta faɗa kan maɓallan fiyano goma sha biyu, da ka sa shi magana ta mutu ta koma waƙar makaranta. A maimakonsa ka sa abin da yake sa wuta ta zame daga taki zuwa taki a hankali, a nan lanƙwasar take. Sannan wani sirri da na daɗe ban gane ba, sama ta biyu ba ta kai ta farko tsayi, magana tana gangarowa ne yadda numfashi yake ƙarewa, da na rage ta kaɗan sai ƙawata da ke kwance a ɗaki ta ɗago kai ta ce wa ya shigo. Na yi tsalle ranar.

Don jikin gangar kuma osileta mai laushi za ka ɗauka ba mai kaushi ba, ka bi da ita ta abin da ake kira LPG, dabarar Buchla ce, fitila ce ƙarama a manne da rizista mai jin haske, in ta haska ta mutu sautin yana mutuwa a hankali kamar fata. Baba ma zai iya haɗa maka ita da hannu da baƙin tef.

Sai kari. Akwai yankin da za ka ce masa raba bugu bakwai cikin gurbi goma sha biyu daidai gwargwado, ana kiransa Yuklid, wani malami Godfried Toussaint ya yi rubutu a kai a 2005. Abin da yake fitowa in ka juya mafarinsa shi ne karin ƙararrawar da Ewe suke bugawa a kiɗan agbaja, wanda kowa a ƙasar nan ya taɓa ji a wajen makoki. Ka ɗora maganar kalangunka a kansa ka ji yadda suke zama tare.

Inda nake tare da Baba ɗari bisa ɗari shi ne linzami ba hammata ba ne. Ni ma abin da ya rage min kenan.

Awudu_Nima

Jama'a Allah ya saka da alheri, ban yi zaton zan samu haka ba. Na yi shiru kwana uku ne don ina gwaji.

Baba na je Zongo Lane, shago na uku na samu 40106, kuma wallahi kamar kana wajen, na farko 74HC14 ya miƙo min ya ce duk ɗaya ne. Na haɗa a teburin aikina bayan magariba, karon farko shiru, ashe layin wutar allon a tsakiya ya rabu ban sani ba, na sa 'yar waya na haɗe sai ga ƙara har mai sayar da kabar waya na kusa da ni ya leƙo. Baƙin soson na same shi a cikin tsohon kwalin kayan gyara, na sa tsakanin marfin gwangwani biyu na naɗe da tsohuwar safa. Da na sa a hammata na matsa, hannuna rawa ya kama yi. Muryar ba daɗi kam, ƙudan zuma ne kamar yadda ka ce, amma na kira Awudu da ita sau uku kuma na ji shi.

Matsala biyu. In na saki gaba ɗaya sautin yana faɗuwa ƙasa sosai har ya koma ƙwas ƙwas ƙwas, in na matse da ƙarfi kuma ya haye ya zama tsuwa, tsakiyar da nake so 'yar kaɗan ce. Na biyu soson bayan minti goma ya fara kwanciya ba ya dawowa da sauri.

Anti Hajara na sauke VCV, laftof ɗina yana ɗan haki amma yana tafiya, na yi sannu da zuwa ɗin, tawa har yanzu kamar Bature ne yake gaisuwa, zan turo miki ki ji inda na kuskure. MaiIgiya na ce wa Yaya ya dakata da saye zuwa Nuwamba, amma ya fara duba na hannu. Rabi'u na ji maganarka kuma ba zan taɓa kuɗin makirfo ba, wannan daban na ajiye shi.

Kalangun kuma na faɗa wa Hajiya kakata, ta yi kuka ta ce in sauko da shi.

Baba_MaiRediyo

Madalla ɗana. Na farkon mai sauƙi ne, ka sa rizista 10k a jere da soson don ta tare shi daga sama, ka sa wata 100k a gefensa ƙafa da ƙafa don ta tare shi daga ƙasa, sai ka riƙa canza su har faɗin ya yi daidai da muryar mutum. Kwanciyar soso kuma ka ninka shi uku ka sa ɗan guntun robar silifa a kowane gefe ta riƙa tura marfin baya.

Asabar bayan la'asar ina shago. Ka zo da allon yadda yake kar ka kwance komai, ka zo da kalangun ma, akwai wani dattijo a bayan masallacinmu da yake sa fata, in mun gama sai mu taka wajensa tare.